Mabiyiya da Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi: Tasirin Sinadarai Masu Dagula Homon

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wani rukuni na sinadarai da ake samu a robobi da magungunan ƙwari da kayan masana'antu, waɗanda ke kutsawa cikin aikin homon a jikin ɗan Adam. An mayar da hankali a kan mabiyiya, kasancewar ita ce mahaɗa tsakanin jinin uwa da ɗan tayi, kuma ita kanta gaɓa ce mai samar da homon. An bibiyi tarihin yadda masana suka gano cewa sinadarai na ƙetare ta, sannan aka fayyace hanyoyin da hakan ke shafar ginuwar ƙwaƙwalwa da ɗabi'ar yaro. Maƙalar ta nuna cewa lokacin da sinadari ya riski ciki yana da muhimmanci daidai da yawansa, don haka kariya mai amfani ita ce wadda ta riga ranar awon farko.

Fitilun Kalmomi: mabiyiya, homon, ɗan tayi, ƙwaƙwalwa, sinadarai, ɗabi'a

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai ɗauki mabiyiya a matsayin shara ba. A al'ada, ungozoma kan wanke ta, a haƙa rami a cikin gida a binne ta, har ma akan siffanta asalin mutum da wurin da aka binne cibiyarsa. Kimiyyar likitanci kuwa ta daɗe tana kallon mabiyiya a matsayin garkuwa wadda ke tace jinin uwa, ta bar abinci ya wuce, ta tare duk wani abu mai cutarwa. Binciken shekaru sittin da suka gabata ya rushe wannan fahimta. An tabbatar da cewa sinadarai da dama na ratsa ta, wasunsu ma suna sauya yadda take gudanar da aikinta.

Mafi ɗaukar hankali daga cikin waɗannan su ne sinadaran da ke dagula homon. An fara tattara su a ƙarƙashin suna guda ne a wani taron masana da Theo Colborn ta jagoranta a Wingspread da ke jihar Wisconsin ta Amurka a shekarar 1991. Rahoton haɗin gwiwa na shekarar 2012 na Hukumar Lafiya ta Duniya da Shirin Kare Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci sinadarai kusan 800 da aka sani ko ake zargin suna da irin wannan tasiri.

2.0 Homon da Yadda Ake Dagula Shi

Homon wani sinadari ne da wasu gaɓoɓin jiki ke samarwa, su zuba shi cikin jini domin ya kai saƙo ga wata gaɓa da ke nesa. Matsayinsa tamkar na ɗan aiken fada ne. Kowane homon yana da makarɓa ta musamman a jikin ƙwayoyin halitta, kuma da zarar ya isa gare ta sai ƙwayar ta aiwatar da umarni: ta rabu gida biyu, ta ƙaura zuwa wani wuri, ta daina girma, ko ta mutu idan aikinta ya ƙare. Adadin homon da ke yin wannan aiki ƙanƙane ne ƙwarai, domin da kashi ɗaya cikin biliyan ake auna wasu, wasu ma da abin da bai kai haka ba.

Sinadarin da ya shigo daga waje yana iya ɓata wannan tsari ta fuskoki da dama. Wani kan yi sojan gona, wato ya yi kama da homon na gaskiya har makarɓa ta amshe shi, ta aiwatar da umarnin da ba a aiko ba. Wani kan toshe makarɓar ya hana ɗan aike na ainihi shiga. Akwai kuma masu hana a samar da homon tun daga tushe, ko su sa hanta ta gaggauta kawar da shi daga jini.

Tun ƙarni na 16 ilimin nazarin guba ya ginu a kan ƙa'idar Paracelsus, wadda ke cewa yawan abu ne ke mayar da shi guba. Wannan ƙa'ida tana nan, amma nazarin homon ya ƙara mata sharaɗi, wato lokaci. Adadin da baligi zai sha jikinsa ya warware cikin kwana ɗaya yana iya barin tabo na dindindin idan ya riski gaɓar da ake tsakiyar ginawa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar da aka yi masa a lokacin, mai kyau ko akasinta, da ita zai bushe.

3.0 Mabiyiya a Matsayin Gaɓa Mai Samar da Homon

Mabiyiya tana tsirowa ne daga ƙwan da aka yi cikin da shi, saboda haka yawancinta ɓangare ne na jikin ɗan tayi, kuma jinsinta ɗaya da nasa. A ƙarshen ciki nauyinta kan kai kimanin rabin kilo. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya a cikinta, siririn tantani ne ya raba su, kuma ta nan ne iska da abinci ke wucewa. Ƙananan sinadarai masu narkewa a cikin kitse suna ratsa wannan tantani cikin sauƙi, kuma da yawa daga cikin masu dagula homon irinsu ne.

Baya ga isar da abinci, mabiyiya tana samar da homon iri-iri. Ita ke fitar da homon ɗin da ake nema a fitsari yayin gwajin ciki. Daga wajen mako na 7 zuwa na 10 takan karɓi aikin samar da furojesteron, wanda ke riƙe ciki kada ya zube, sannan tana samar da istirojin mai yawa. Haka kuma tana ɗauke da wani sinadari mai karya ƙarfin kotisol, wato homon ɗin damuwa da ke jinin uwa, domin kada ya yi wa ɗan tayi yawa.

Dangantakarta da ƙwaƙwalwa ta ƙara fitowa fili a shekarar 2011, lokacin da Alexandre Bonnin da Pat Levitt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna cewa a jikin ɓeraye, mabiyiya ce ke ƙera serotonin ɗin da gaban ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke amfani da shi a wani mataki na ciki, kafin ƙwaƙwalwar ta iya samar da isasshe da kanta. A wannan mataki serotonin yana taimaka wa jijiyoyi masu tsirowa su gane inda za su nufa. A shekarar 2021 kuma ayarin Anna Penn ya rage wani homon da mabiyiyar ɓeraye ke samarwa daga furojesteron, sai aka ga sauyi a ginin ƙeyar ƙwaƙwalwar 'ya'yan, mazan cikinsu kuma suka rage cuɗanya da 'yan'uwansu. Ke nan sinadari na iya cutar da ƙwaƙwalwa ta hanya biyu: ya ƙetare mabiyiya ya isa gare ta kai tsaye, ko ya tsaya a mabiyiyar ya gurɓata abin da take aikawa.

4.0 Darasi Daga Tarihi

Abin da ya fara girgiza imanin likitoci game da garkuwar mabiyiya shi ne maganin talidomayid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suka riƙa sha saboda laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu a ƙasashe daban-daban. Wannan illa a bayyane take tun ranar haihuwa, shi ya sa aka gano tushenta cikin 'yan shekaru.

Labarin DES ya bambanta. Wani istirojin ne na roba da Charles Dodds da abokan aikinsa suka haɗa a Ingila a 1938, aka riƙa ba mata masu ciki da nufin hana ɓari. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago a 1953 ya nuna ba ya hana ɓarin, amma aka ci gaba da rubuta shi. An haifi jariran lafiya lau a ido. Sai a 1971 Arthur Herbst da abokansa a Boston suka ba da rahoton 'yan mata 8 masu wata irin sankarar farji da ba a saba gani ba sai ga tsofaffi, aka kuma gano cewa iyayen 7 daga cikinsu sun sha DES a farkon ciki. Daga baya an ga ƙaruwar matsalolin mahaifa da na haihuwa a tsakanin matan da aka yi cikinsu da wannan magani. Darasin da aka ɗauka shi ne, illar da aka shuka a ciki tana iya ɓuya har shekara ashirin, kuma lafiyar uwa ba ta zama shaidar lafiyar abin da ta ɗauka.

Shaida a kan ƙwaƙwalwa ta fito ne daga sinadaran PCB, waɗanda aka daɗe ana zubawa a taransifoma da sauran kayan lantarki. A 1979 a Taiwan, kimanin mutum 2,000 suka ci man girki da ya gurɓata da su. 'Ya'yan da matan cikinsu suka haifa, har da waɗanda aka haifa shekaru bayan aukuwar abin, sun gaza takwarorinsu da kimanin maki 5 a gwajin kaifin basira, kuma an fi samun matsalolin ɗabi'a a tare da su. Dalili kuwa shi ne PCB na taruwa a kitsen jiki ya shekara da shekaru bai fita ba. A Amurka ma, Joseph da Sandra Jacobson sun bibiyi yaran da iyayensu mata suka riƙa cin kifin Tafkin Mishigan. A rahotonsu na 1996, yara 'yan shekara 11 da suka fi samun PCB tun a ciki sun gaza sauran da kimanin maki 6.

5.0 Hanyoyin da Illar Ke Bi Zuwa Ƙwaƙwalwa

Ginin ƙwaƙwalwa kan fara tun kafin mata da yawa su tabbatar suna da juna biyu. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne a wajen kwana 28 bayan shigar ciki. Daga nan ƙwayoyin jijiya kan yi ta hayayyafa, su ƙaura zuwa mazauninsu, su ƙulla alaƙa da juna. Kowane mataki yana da nasa lokaci, kuma homon ne ke daidaita shi.

5.1 Homon na Tayirod

Tayirod gaɓa ce da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne Hausawa ke kira maƙoƙo. Homon ɗinta ne ke jagorantar ƙaurar ƙwayoyin jijiya da lulluɓe jijiyoyi da rigar da ke hanzarta saƙo. Tayirod ɗin ɗan tayi ba ta samar da isasshen homon sai wajen tsakiyar ciki, saboda haka a rabin farko ya dogara ne ga wanda ke zuwa daga uwa ta mabiyiya. Binciken James Haddow na 1999 ya nuna cewa 'ya'yan matan da ke da ƙarancin wannan homon ba tare da magani ba sun gaza takwarorinsu da kimanin maki 7. Sinadaran PCB, bayan hanta ta sarrafa su, suna maƙalewa a jikin furotin ɗin da ke ɗaukar homon na tayirod a cikin jini, su ture shi daga mazauninsa. Wasu sinadaran kuma suna hana tayirod zuƙar aidin, wanda da shi take ƙera homon ɗin. Mace mai ƙarancin aidin ta fi shiga haɗari, domin dama abin da take da shi bai wadata ba.

5.2 Homon na Jinsi

Daga wajen mako na 8 ɗan tayi namiji kan fara samar da testosteron, wanda ke tsara al'aurarsa da wasu sassan ƙwaƙwalwarsa. Sinadaran fitalet, waɗanda ake sa wa roba domin ta yi laushi, ake kuma zubawa a wasu turaruka da man shafawa, an tabbatar a jikin dabbobi cewa wasunsu na rage samar da testosteron. Shanna Swan ta ba da rahoto a 2005 cewa jarirai maza da aka samu fitalet mai yawa a fitsarin iyayensu sun nuna alamar raguwar aikin wannan homon a ma'aunin jikinsu. A Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York kuma, wani bincike na 2014 ya gano cewa 'yan shekara 7 da iyayensu suka fi yawan wasu nau'o'in fitalet biyu sun gaza sauran da fiye da maki 6.

Shi kuwa bisfenol A, wanda aka fi sani da BPA, sojan gonar istirojin yake yi. An san haka tun a shekarun 1930, amma daga baya aka mayar da shi kayan haɗa roba mai tauri da shafen cikin gwangwanayen abinci da takardar rasit. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta same shi a kashi 93 cikin 100 na fitsarin mutanen da ta gwada a 2003 zuwa 2004. A Jami'ar Missouri, ayarin Cheryl Rosenfeld ya nuna a 2011 cewa mazan wani nau'in ɓeran daji da suka samu BPA tun a ciki sun kasa gane hanya kamar yadda jinsinsu ya saba, kuma matan ɓerayen sun fi guje musu.

5.3 Sauya Aikin Mabiyiya

A 2020 ayarin Rosenfeld ɗin ya ciyar da ɓeraye masu ciki BPA, wasu kuma aka ba su BPS, wanda masana'antu ke maye gurbin BPA da shi. Dukkan sinadaran biyu sun rage serotonin a mabiyiya. Idan aka haɗa wannan da binciken Bonnin da Levitt, za a ga hanyar da sinadari zai iya taɓa ƙwaƙwalwa ko da bai shige ta ba. Sakamakon ya kuma nuna cewa rubutun da ake yi a jikin kaya na cewa babu BPA ba ya nufin abin da aka sa a madadinsa ya kuɓuta daga zargi. Kasancewar mabiyiya na da jinsi, martanin da ta namiji ke mayarwa kan bambanta da na ta mace, kuma wannan na daga cikin dalilan da masana ke bayarwa na bambancin sakamako tsakanin yara maza da mata.

6.0 Ɗabi'a da Taƙaddamar Masana

A birnin Cincinnati, Joe Braun da abokansa sun ba da rahoto a 2011 cewa yawan BPA a fitsarin mai ciki yana da alaƙa da ƙarin fargaba da rashin natsuwa ga 'ya'ya mata a shekara 3. A Suwidin an auna jini da fitsarin mata masu ciki fiye da 1,800, aka gano wani gamin sinadarai da ke da alaƙa da jinkirin magana ga yara 'yan wata 30. Da aka haɗa irin wannan gami a ɗakin gwaji aka zuba wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ake rainonsu, sai ya sauya aikin ƙwayoyin gado da homon ke sarrafawa. An buga wannan sakamako a mujallar Science a 2022, kuma muhimmancinsa shi ne ya nuna tasirin tarin sinadarai ƙanana a haɗe, alhali dokoki ɗaya bayan ɗaya suke auna su.

Wajibi ne a fahimci nauyin waɗannan shaidu yadda suke. Ba a gwada sinadari a jikin mai ciki da gangan, saboda haka binciken mutane alaƙa yake nunawa, gwajin dabbobi ne ke bayyana sababi. Jiki kan fitar da BPA da fitalet cikin sa'o'i, don haka awon fitsari sau ɗaya ba ya wakiltar wata tara. Wannan ya sa hukumomi suka sha bamban. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce adadin BPA da ake samu a abinci ba shi da haɗari, yayin da takwararta ta Tarayyar Turai ta rage adadin da ta amince a sha a kullum har ninki 20,000 a 2023. Tarayyar ta hana BPA a fidar jarirai tun 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta zartar da haramcinsa a kayan da ke taɓa abinci.

Haka nan, gibin maki 5 ba ya bayyana a fuskar yaro ɗaya, kuma bai halatta a ɗora wa wata uwa laifin halin ɗanta ba. Amma idan gibin ya shafi al'umma baki ɗaya, yawan yara masu buƙatar tallafi na musamman a makaranta zai ƙaru, masu zarra kuma su ragu.

7.0 Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya da Nijar da Ghana suka amince da ita, ta wajabta kawar da PCB da takaita DDT. Sai dai hanyoyin da sinadarai ke isa ga mace mai ciki a ƙasar Hausa sun fi kusa da murhu da gona. Ƙona bola mai cike da robobi a cikin unguwa, da ƙona wayoyin lantarki domin fitar da jan ƙarfe, suna haifar da dayoksin, wanda ke sauka a ƙasa, kaji da awaki su kiwata, ya taru a ƙwai da kitse. An auna irin wannan gurɓata mai tsanani a ƙwan kajin Agbogbloshie da ke Accra a 2019. Akwai kuma zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin wake domin ajiya, al'adar da ragowarta ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya a 2015. Buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da magani ba.

Ledar da ake ƙulla koko da alale ba da BPA ake yin ta ba, amma zafi da maiƙo suna ƙara fitowar sinadaran da aka cakuɗa a kowace irin roba. Kwanon ƙarfe da tangaran da ƙwarya da ganye sun fi dacewa da abinci mai zafi. Wani gwaji da aka yi a Kalifoniya a 2011 ya nuna cewa iyalai 5 da suka koma cin abincin da bai taɓa gwangwani ko roba ba na kwana 3, BPA ɗin fitsarinsu ya ragu da kimanin kashi biyu cikin uku. Mai ciki kuma ta nisanci feshin gona da wanke kayan mai feshi, ta bar ɗaki ya sha iska bayan an fesa maganin sauro, ta kuma yi amfani da gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993. Duk da cewa wasu sinadaran kan fita a nono, amfanin shayarwa ya rinjayi wannan haɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na nan a kan shawarar ba da nono zalla na wata shida.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mabiyiya abokiyar ginin ƙwaƙwalwa ce, kuma abin da ya taɓa ta yana iya taɓa tunani da ɗabi'ar yaron da za a haifa. Muhimman matakan wannan gini suna faruwa ne a makonnin farko, alhali mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar, sinadarai irin su PCB da dayoksin kuwa tun ana budurwa suke taruwa a jiki. Saboda haka faɗakarwa a ɗakin awo kaɗai ta makara. Akwai buƙatar a shigar da batun cikin horon ungozomomi da malaman gona, hukumomin muhalli su samar da hanyar kwashe shara da za ta maye gurbin ƙona ta a ƙofar gida, jami'o'inmu kuma su auna waɗannan sinadarai a jinin cibiya da mabiyiyar matan wannan yanki, domin dokokin da za a kafa su dogara da alƙaluman gida.